A kan keke tsakanin tsirrai da teku a gandun De Hoop

Gandun dajin De Hoop yana gaɓar kudu ta ƙasar Afirka ta Kudu, a yankin da ake kira Overberg, tafiyar kimanin awa uku a mota gabas da birnin Cape Town. Mai zuwa can yakan fara sanin halin wurin tun bai kai ƙofa ba, domin bayan garin Bredasdorp kwalta ba ta daɗewa take ƙarewa, sai burji mai gargada ya karɓe ka. Ni da ƙanena muka yi tafiyar, kekunanmu biyu ɗaure a bayan mota, duk ramin da muka faɗa sai ya waiga ya ga ko suna nan. Watan Satumba ne, lokacin da sanyi ke sakin wannan ɓangare na duniya. Gonakin alkama sun yi kore shar, na kanola sun yi rawaya iya ganin ido, ga gauraki masu ruwan toka, tsuntsun da ƙasar ta riƙa a matsayin alamarta, suna kiwo bibbiyu a tsakanin tumaki.

Sai kawai gonaki suka yanke a bakin shinge. Daga nan hanya ta hau wani dogon tudu na farin dutse, kuma da muka kai samansa sai gandun ya buɗe a gabanmu gaba ɗaya: fili mai faɗi, dogon tafki kwance a gefe guda, can nesa tuddan rairayi farare fat, bayansu shuɗin teku. Faɗin gandun ya kai hekta 34,000, hukumar CapeNature ta lardin Western Cape ce ke kula da shi, kuma tun 2004 yana cikin wuraren yankin furannin Cape da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya.

Wanda ya saba jin kalmar gandun daji ya tuno zaki da giwa zai ga wurin nan kamar babu komai. Bishiya ma sai an nema. Tsirran da suka rufe ƙasar, waɗanda mutanen can ke kira fainbos, yawancinsu ba su wuce gwiwa ko ƙugu ba, ganyensu ƙanana ne masu tauri, launinsu tsakanin kore da toka. Daga tagar mota ba ka ganin komai sai wannan shimfiɗa iri ɗaya. Amma rashin zaki da giwa shi ne ya sa ake barin mutum ya fito daga mota ya hau keke, kuma a ganina nan ne duk darajar wurin take. Arzikin De Hoop a ƙasa yake, kusa da taya. Mota ta yi masa sauri, ƙafa kuma ba za ta kai ka ko'ina ba a fili irin wannan. Keke ne daidai da shi.

Masaukin baƙi yana wani tsohon gidan gona da ake kira Opstal, mai fararen gine-gine irin na Turawan Holan na da, da manyan itatuwan ɓaure a tsakar fili. Daga nan hanyoyin keken suke tashi, an sa musu alamu, wasu gajeru masu zagaye fili su dawo, wasu dogaye masu bin tsofaffin hanyoyin motocin ma'aikata. Da sassafe muka fita, hannu na ƙanƙarewa a kan birki saboda sanyi.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da garken bontebok a kan hanya. Dabba ce dangin barewa amma ta fi ta girma, jikinta jan ƙasa ne mai duhu da wani sheƙi kamar shunayya, fuskarta fara tun daga goshi har hanci, gindin wutsiya da ƙafafu farare kamar an tsoma su a alli. Muka sauke ƙafa ƙasa muka tsaya. Wani namiji da ke tsaye shi kaɗai a kan ɗan tudun kashinsa, wanda shi ne alamar yankinsa, ya dube mu ya yi firji, ya kaɗa kai, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Ina jin ƙarar tsinkewar ciyawa a bakinsu. Wannan kusanci ba ya samuwa idan inji na ruri a ƙarƙashinka.

Dabbar nan ta kusa ƙarewa a duniya. Farauta ta cinye ta har ta kai a 1931, da aka buɗe mata wurin killacewa na musamman kusa da Bredasdorp, guda 17 kacal aka fara da su. Wasu manoman yankin ne suka riƙe ragowar a gonakinsu tun kafin nan, ba don su ba da labari kawai za a ji. Wata 'yar uwarta mai launin shuɗi-shuɗi, wadda ita ma a wannan yanki take rayuwa, ba ta samu irin wannan gata ba: wajen shekarar 1800 aka harbe ta ƙarshe. Ina tsaye ina kallon 'yan maruƙa suna tsalle a bayan iyayensu, abin da ke raina ke nan. Can gefe ga jakunan dawa irin na duwatsun Cape, masu farin ciki da babu zane, su ma da ƙyar suka tsira. Jiminu kuwa ba a maganarsu. Wani namiji baƙi ƙirin ya yi ta gudu a gefenmu na ɗan lokaci, ƙanena ya ƙara giya wai zai gwada shi, jiminar ta buɗe ƙafa sau uku ta bar shi da ƙura.

Abin da na fi so in ba da labari shi ne yadda ƙasa ke canzawa a ƙarƙashin taya. A filin da ke kusa da masauki ƙasar a daddale take, keke na tafiya sumul. Da hanya ta fara hawa tudun farin dutsen nan sai komai ya sauya. Dutsen irin wanda ake ƙona shi a yi farar ƙasa ne, tsohon rairayin teku da ɓawon dodon koɗi da suka dunƙule tun zamanin da, ruwan sama ya bi ya rarake shi, ya bar masa ramuka da baki mai kaifi. A nan keke yana rawa, kafaɗu suna karɓar duka, dole ka tashi daga sirdi ka saki gwiwa, ka zaɓi inda tayar gaba za ta bi tun da sauran taku biyar. Idan ka kalli dutsen da kake tsoro, shi za ka hau. Ka kalli ratar da ke tsakaninsu.

To a daidai inda jikinka ya ji ƙasa ta sauya, a nan tsirrai ma suke sauyawa. Akwai irin da ba sa fitowa sai a kan wannan farin dutse, domin ƙasarsa mai kanwa-kanwa ce, wasu kuma ba sa rayuwa sai a yashi mai tsami na gindin duwatsu. An ƙidaya nau'in tsirrai wajen 1,500 a wannan gandu kaɗai, wasunsu babu su a ko'ina a duniya sai nan da kewayensa. A kan tudun muka fara ganin furen furotiya, wanda ya kai girman dunƙulen hannu, ganyen furensa ja mai sheƙi da tauri, ya rufe kamar ƙoƙo. Wani tsuntsu mai wutsiyar da ta ninka jikinsa tsawo ya sauka a kan ɗaya, ya cusa dogon bakinsa ciki yana shan zaƙin, iska na kaɗa wutsiyar tasa, ya ɗago goshinsa duk garin fure, ya tashi ya kai wa na gaba.

A wannan tudun tayar ƙanena ta baya ta sace. Bakin dutse ya matse tiyub ya yi masa huda biyu a jere. Muka kifa keken, ya ciro taya, ni kuma na zauna a gefen hanya ina riƙe da famfo. Zaman facin nan ne ya nuna mini abin da da na wuce shi. Kusa da takalmina wasu tururuwa suna jan wani ɗan iri mai santsi, a jikinsa akwai ɗan farin abu kamar kitse. Suka yi ta kokawa da shi a kan tsakuwa, ya kuɓuce, suka sake kamawa, har suka shige rami da shi. Wannan farin abin shi ne ladarsu. Shi suke ci a can ƙasa, su bar irin a binne, inda ɓera ba zai same shi ba, wuta ma ba za ta taɓa shi ba. Domin fainbos ɗan wuta ne. Sai gobara ta bi ta kansa bayan shekara goma zuwa ashirin sannan yake sabunta, zafi da hayaƙi su ne ke tada irin da ke kwance a ƙasa. Idan wuta ta yi yawa tsirrai ba sa kaiwa ga yin iri, idan ta daɗe ba ta zo ba sai su tsufa su mutu a tsaye.

Na ce wa ƙanena ya zo ya gani. Ya ce, "Yaya, ni da ke fama da taya kake kira in kalli tururuwa?" Amma ya zo, kuma shi ya fi ni daɗewa a tsugune.

Tun daga nan na daina ganin dokar da aka rubuta a bakin kowace hanya, cewa kada keke ya sauka daga turba, a matsayin takurawa. Masu hawan keken duwatsu suna da wata ɗabi'a da na sani sarai: idan an ga taɓo ko rami a tsakiyar hanya sai a kauce ta gefe, na baya ya bi sawun na gaba, kafin wata shida hanya ɗaya ta zama uku. A wani wurin ciyawa za ta rufe sawun da damina ɗaya. A nan ƙasar siririya ce a kan dutse, tsirran kuma a hankali suke girma, sawun taya ɗaya yana iya zama hanyar ruwa ya kwashe abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa. Mun ga wani wuri da aka yi irin wannan yanke, ma'aikata sun jera rassa sun toshe shi, kuma abin ya ɓata mini rai ƙwarai. Wanda ya yi bai rage wa kansa ko daƙiƙa goma ba.

Tafkin da muka hango daga sama shi ma ana binsa ta gefe. Dogo ne, ya kai kilomita goma sha wani abu, tuddan rairayi sun tare masa hanyar fita teku, don haka ruwansa yakan cika ya ja baya gwargwadon ruwan sama. Tun 1975 aka sa shi cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Mun ga kwasakwasa suna iyo a jere, da filamingo tsaye a ruwa marar zurfi, da agwagi iri-iri da ban san sunansu ba. Ba mu daɗe ba, hankalinmu na teku.

Hanyar Koppie Alleen, inda ake sauka gaɓa, ita ce ta fi kowacce daɗin tafiya da safe, domin gangara ce a hankali kuma iska ba ta tashi ba tukuna. Kunkuru ne kawai ke tsayar da mutum. Ƙanana ne masu zanen rawaya da baƙi a bayansu, suna tsallaka hanya ba ruwansu da kowa, ga kuma macijiyar nan kasa da kan kwanta shan rana a irin wannan lokaci, don haka ido ba ya barin ƙasa. Da muka matso teku sai yashi ya fara cin hanya. Yashi makaranta ce ta daban ga mai keke. Muka rage iskar tayoyi don su baje, muka koma giya mai sauƙi, nauyin jiki a baya, hannu sake a kan kan keke. Muddin ƙafa na juya feda kana tafiya. Ka ɗan tsaya da juyawa, ko ka murɗa kai da ƙarfi, tayar gaba ta nutse, sai ka tsinci kanka a tsaye. Inda ya fi ƙarfinmu muka sauka muka tura.

A ƙarshen hanya ake ajiye keke, a bi wata gadar katako da ƙafa. Tuddan rairayin nan sun fi yadda na zata tsawo, farinsu har yana kashe ido, iska ta zana musu layi-layi. Muka hau ɗaya muna haki, muka zauna a kansa.

Da farko ban ga komai ba sai raƙuman ruwa suna fashewa. Sai ƙanena ya damƙe mini hannu ya ce, "Yaya, dubi can, dutsen nan motsi yake!" Bayan layin kumfa, a ruwan da bai fi jifa biyu daga gaɓa ba, wani baƙin abu mai tsawon babbar mota ya taso, ya fesa numfashi sama gida biyu, sautin ya iso mu kamar an kwance bakin tayar tirela. Dabbar teku ce da ake kira wel, irin ta kudancin duniya wadda ba ta da ƙaho a gadon baya. Babba takan kai mita 15. A kanta akwai wasu fararen ƙuraje masu kaushi, kuma tsarinsu ya bambanta daga wata zuwa wata, da su masu bincike ke gane kowace ɗaya a hotunan da suke ɗauka daga jirgin sama duk shekara tun 1979. Kusa da ita ɗanta ne, shi ma ya fi motar da muka zo da ita tsawo, yana ta hawa bayan uwar yana zamewa, yana dukan ruwa da wutsiya. Uwar ta juya ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannu ɗaya sama kamar faifan ƙofa, ta bar shi yana wasansa.

Da ido ya saba sai muka ga ba su kaɗai ba ne. Duk inda ka duba a tsawon gaɓar akwai baƙin baya ko feshin numfashi. Daga watan Yuni zuwa Nuwamba suke zuwa nan daga ruwan sanyi na wajen Antatika, su haihu, su shayar, kuma uwa kusan ba ta cin komai duk tsawon zaman, kitsen da ta tara take ƙonawa. Yawanci sai bayan shekara uku ko fiye take sake haihuwa, shi ya sa da mafarauta suka yi musu kisan kiyashi saboda mai, dawowarsu ta ɗauki lokaci mai tsawo ko da yake an hana kashe su tun 1935. Ruwan da ke gaban gandun, har kilomita biyar cikin teku, shi ma killatacce ne tun tsakiyar shekarun 1980, ba a kamun kifi a cikinsa. Wannan gaɓa tana cikin manyan wuraren renonsu a duk kudancin Afirka. Na zauna a wurare da dama a rayuwata don kallon wani abu, ban taɓa zama inda tashi ya yi mini wuya irin nan ba.

Da ruwa ya janye muka sauka kan duwatsun gaɓa, inda ƙananan kududdufai ke cike da halittu masu launi, ga wasu tsuntsaye baƙaƙe masu jan baki da jan ido suna ɓare kawa. Ƙanena ne ya lura da yadda rairayi ya fara tashi daga kan tuddai kamar hayaƙi, ya ce mu kama hanya.

Komawar ita ce kuɗin da aka biya. Iskar gaɓar nan idan ta tashi da rana ba ta san wasa ba, kuma babu bishiyar da za ta tare maka ita. Gangaren safe ya zama hawa, iska ta bugo daga gefe tana tura tayar gaba, gishiri ya bushe a leɓe. Muka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya a gaba yana fasa iska, ɗaya a bayansa dab da taya yana hutawa, sannan a sauya. Ruwan gorunanmu ya yi ƙasa sosai kafin mu hango ɓauren masauki. Duk mai niyyar zuwa, ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake ganin zai sha, da tiyub na ko-ta-kwana, da hular kwano, kuma ya fita da wuri, domin a tsakanin masauki da teku babu inda zai sayi komai, waya ma ba ko'ina take kamawa ba.

A hanyar muka haɗu da wasu ma'aikata suna sare wani irin itace mai duhun ganye da ya yi cunkus a gefen rairayi. Na tsaya na gaishe su, na tambayi babbansu dalili, tunda wurin ba shi da wadatar itace. Ya ce baƙo ne, daga Ostareliya aka kawo shi tun da daɗewa don ya riƙe rairayi, ya riƙe ya wuce gona da iri. Yana shanye ruwa, yana danne tsirran gida, idan gobara ta kama shi kuma zafinta yakan wuce wanda irin da ke binne zai iya jurewa. Ya nuna mini ƙasan inda suka sare bara, 'ya'yan itacen sun sake tsirowa birjik. Ya ce aikin ba ya ƙarewa, sai dai a gaji a ba wasu. Hannayensa duk sun faffashe. Mu da muke zuwa mu more hanya mu tafi, a kan gumin irin waɗannan mutane muke tafiya.

Sashen gabas na gandun, wajen dutsen Potberg mai tsawon mita 611, sai an fita da mota an zagaya ake kai masa. Daga can ne masu tafiyar ƙafa ke fara wata hanya ta kilomita 55 da ke ɗaukar kwana biyar har Koppie Alleen. Dutsen na yashi ne da ya ƙanƙare, ƙasarsa mai tsami, tsirransa sun fi na fili tsawo da kauri, furotiyarsa ma wasu iri ne daban. A wani kwazazzabo na dutsen nan ungulayen Cape suke sheƙa, kuma nan ne kaɗai ya rage musu wurin haihuwa a duk lardin. Keke ba ya kaiwa wurin kallonsu, da ƙafa ake hawa tare da ɗan jagora. Da hantsi ya ɗaga, dutse ya ɗumama, sai suka fara sakin jiki daga bakin kwazazzabon ɗaya bayan ɗaya, fukafukai buɗe fiye da mita biyu, wasu suna wucewa ta ƙasa da inda muke tsaye har muna ganin bayansu mai launin madara. Ƙwai ɗaya tak mace ke yi a shekara. Jagoran ya ce abincinsu yanzu yawanci ba a cikin gandun yake ba, mushen tumaki ne a gonakin da muka ratso, don haka rayuwarsu ta rataya ne a kan manoman da suka yarda su daina sa guba su kuma bar musu mushe a fili.

Da muka sauko muka wanke sarƙoƙin kekunan, domin yashi da gishiri sun riga sun fara cin su, muka sa musu mai, muka ɗaure su a bayan mota. Maimakon mu koma ta Bredasdorp sai muka bi ta Malgas, inda ake ɗora mota a kan kwale-kwalen fito a tsallake kogin Breede, daga nan burji ya kai mu Swellendam muka hau kwalta.